Baƙon Kwana Biyu da Hukuncin Shekara Ɗari

Wata al'ada ta shigo tsakanin 'yan'uwanmu na Najeriya da aiki ko karatu ya kawo Ghana. Miji da mata su ɗauki jaka Juma'a da yamma, su dawo Lahadi da dare, ran Litinin kuma su zauna su rubuta mana yadda ƙasar take. Yawon kam babu laifi, tafiya mabuɗin ilimi ce. Hukuncin da ke biyo baya shi ne abin da zan yi ja da shi.

Kwanan baya wasu ma'aurata 'yan Arewa mazauna Accra suka rubuta labarin yawace-yawacensu. Sun zubar da hawaye a kurkukun bayi na Cape Coast. Sun hau gadar igiya ta dajin Kakum. Sun zo Kumasi, sun yaba gidan tarihi na fadar Manhyia, sun ɗauki hoto a bakin tafkin Bosomtwe. Mu kuwa mutanen Zongo layi uku muka samu: wai kwatoci sun yi yawa a Aboabo, wai matasa na zaman banza, wai Hausarmu ta ba su dariya don mun ce wa mace "ya zo". Awa biyu suka yi a cikinmu, rabinta a gaban mai waakye.

Malam da Malama, kun bai wa kowane dutse na Cape Coast tarihinsa, me ya hana ku tambayi namu? Kalmar Zongo ma taku ce: zango, masaukin fatake. Kakanninmu da naku ne suka riƙa ratsa daji da jakuna daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro. Lokacin da Baturen nan Bowdich ya iso Kumasi a 1817, ya tarar da malamai Musulmi a fadar Sarkin Asante, Osei Bonsu. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwar garin zuwa wurare irin su Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya koyar har rasuwarsa a 1934. In kukan bauta kuke son yi da gaske, ku je Salaga ku ga rijiyoyin da bayi suka sha. A can ba Bature kaɗai za ku zarga ba, domin fatakenmu ma sun saya sun sayar.

Kwatar da kuka gani tana nan, ba wanda ya musa. Duk damina mu take cutarwa. Amma ita ma tana da asali. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardu mako biyu ya fice daga ƙasar. Iyalai da aka haifa a Kumasi suka sayar da kayansu a wulaƙance suka kama hanya. Wanda aka nuna wa cewa ko yaushe ana iya korarsa, da wuya ya zuba dukiyarsa a gini, hukuma kuma ba ta gaggawar kai titi da magudana inda take ganin baƙi ne. Sai a 2017 aka kafa ma'aikatar kula da Zango-Zango. Kafin wani ya yi fariya, a tuna Najeriya ta rama a 1983 zamanin Shagari. Har yau jakar nan sunanta Ghana Must Go. Laifi tudu ne.

Sai batun harshe. Hausar Zongo ita ce ke haɗa Badagombe da Bamoshe, Bazabarme da Bawangare, Bafulatani da Bayarabe a kasuwar Kejetia da masallatan Asawase. Harshen da ya ɗauki wannan kaya ya sauke wasu ƙa'idoji don ya yi sauri. A rediyo kullum ina karɓar kiran mutanen da ba su da ko kaka ɗaya Bahaushe, amma da Hausa suke neman gafara, da ita suke cigiyar yaro in ya ɓata. Wannan abin alfahari ne ga Kano, in ta sani.

Me ya sa na damu da layi uku? Domin yaron Zongo da ya je neman aiki ko hayan ɗaki ya riga ya san kallon da ake yi masa in ya faɗi unguwarsu. Idan wanda ke jin yarenmu, yake sallah a sahunmu, ya maimaita wannan zance, ya ƙara wa masu ƙyamarmu hujja.

Ku dawo, ƙofa a buɗe take. Amma ku kwana. Ku yi Asuba da mu, ku zauna da tsofaffi su ba ku labarin 1969 da bakinsu, ku ci tuwo a gidan da ba a shirya don baƙi ba. Bayan nan ku rubuta duk abin da kuka gani, har kwatar.