Kuɗin aikatau ya shiga hannun mai shi

Duk wanda ya san Malam Madori da ƙauyukan ƙasar Haɗejiya ya san hanyar aikatau. Mace ta bar gida, ta tafi Kano ko cikin garin Haɗejiya, tana shara da wanke-wanke da raino a gidan masu hali. Sau da yawa ba ita ke karɓar kuɗin wata ba. Dillaliyar da ta kai ta ce ke karɓa, ta cire rabonta, saura ya iso gida, ko a ce a yi haƙuri sai wata mai zuwa. A shekarar da ambaliya ta cinye shinkafa, irin ta 2022, wannan ɗan kuɗi shi ke riƙe tukunyar gidaje da dama.

Mu a wannan jarida muna ganin waya za ta iya gajarta wannan hanya. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya koya wa kowa tura kuɗi, masu POS kuma sun cika kasuwanni. Ko ƙaramar waya marar intanet tana karɓar kuɗi. Idan uwar ɗaki ta tura albashi kai tsaye, ba mai cire kaso, kuma saƙon shigar kuɗi ya zama shaida ranar da aka yi gardama. Shaidar nan ba ƙaramin abu ba ce, domin dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. 'Yar aiki ba ta cikin lissafi.

Sai dai akwai tarnaƙi. Layi da asusu suna buƙatar lambar NIN, mata da yawa kuma da wayar miji ko ta wa suke amfani. Kuɗin da ya faɗa asusun wani, an sauya dillali ne kawai.

Don haka muna kira ga hukumar NIMC mai ba da lambar NIN da ƙaramar hukumar Malam Madori su kai rajista har mazaɓu, su sa mata a teburin rajistar, su kuma koya wa 'yan aikatau ɓoye lambar sirri ko a gaban mai POS. Manyan mata muke nufi. Yarinya 'yar shekara goma da ke goyon ɗan wani a Kano, a dawo da ita aji.