Faifan Da Ba Ya Rufe Tuwo

Ya 'yan'uwa cikin Almasihu, faifai iri biyu muka sani. Akwai na kaba, wanda iyayenmu mata ke saƙawa su rufe ƙwaryar tuwo da shi don kada ƙuda ya sauka. Akwai kuma baƙin nan na garmaho, wanda ake ɗora wa allura ya yi ta juyi yana waƙa. Na kaba, jika ɗaya ma ta yi masa yawa a kasuwa. Na garmaho kuwa, a kwanakin nan ana zuba masa kuɗin da zai ciyar da gida wata da watanni. A kan wannan nake so in yi magana. Ba zan yi ɓoye-ɓoye ba: ina gāba da wannan al'ada, ina kuma roƙon kowane mai bi ya janye hannunsa daga cikinta.

Abu biyu ne suka sa na ɗauki alƙalami, dukansu kuwa a nan unguwarmu ta Nyekonakpoe suka faru.

Na fari, wata gwauruwa ce tsohuwa da muke sujada tare. Mijinta tela ne, ya rasu ya bar mata keken ɗinki da wani akwatin ƙarfe cike da faya-fayai: na Bella Bellow, na Poly-Rythmo, na Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da ya sayo a hannun fatake. Wata rana wani saurayi ya zo a kan zemijan, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Iya, wannan tarkacen me zai yi miki? Bari in rage miki kaya." Ya ba ta jika 10, ya ɗaure akwatin a bayan babur. Ran Lahadi ta zo ta fitar da zakkarta daga cikin kuɗin, tana ta godiya ga Allah. Bayan 'yan watanni jikanta ya nuna mata a waya irin ɗaya daga cikin faya-fayan nan, an sa masa kuɗi fiye da yuro 200 a Turai, wato fiye da sefa 130,000. Faifai guda! Ta zo wurina ta ce, "Malam, ashe zaluntata yaron nan ya yi?" Na rasa abin da zan ce mata, gama gaskiya ta faɗa.

Na biyu, wani ɗan'uwa ne mai aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa. Allah ya buɗa masa, ya yi gini, ya kira ni in yi addu'a a sabon falonsa. Da muka gama, sai ya buɗe wani kabad na gilashi, ya zaro faifai yana riƙe da shi a gefe-gefe kamar mai ɗauke da jariri, ya ce sefa 300,000 ya saye shi. Na ce to, sa mana mu ji. Ya yi dariya ya ce ai ba a sawa, allura za ta rage masa daraja. Da na fito, maigadinsa ya raka ni bakin hanya, ya raɗa mini cewa wata biyu ke nan bai ga albashi ba. Na koma na yi wa ɗan'uwan nan magana tsakanina da shi, yadda Matiyu sura 18 ta koya mana, kafin in rubuta wannan. Ya biya maigadin. Amma kabad ɗin yana nan yana ƙara cika.

Bari mu duba inda abin ya samo asali. A shekarun 1970 kiɗa ya bunƙasa a Lome da Kwatano da Akara da Legas. Gwamnatin Togo har ta kafa ɗakin ɗaukar waƙa da ake kira Otodi a nan Lome. Bella Bellow, 'yar Tsevie, ta wakilci ƙasar nan a bikin al'adun baƙar fata na Dakar a 1966, ta yi waƙa a Faris, ta rasu a haɗarin mota a watan Disamba 1973 tana da shekara 28. Yawancin makaɗan lokacin kaɗan-kaɗan ake buga faya-fayansu, don masu saye ba su da yawa. Da kaset ya shigo a shekarun 1980, sai kowa ya watsar da garmaho. Ni da kaina ina tunawa muna yara muna gara faya-fayan ubanmu a kan titi kamar gare-gare, ba mai tsawata mana.

Bayan shekara ta 2000 sai Turawa masu tara tsofaffin waƙoƙi suka fara sauka garuruwanmu, suna bi gida-gida da 'yan kamasho. A 2008 kamfanin Analog Africa na Jamus ya fitar da tarin waƙoƙin Benin da Togo mai suna African Scream Contest. A 2016 kamfanin Hot Casa na Faransa ya fitar da Togo Soul 70. Duniya ta ji, ta so, farashin na asalin ya tashi. Yanzu akwai kasuwa a intanet, irin su Discogs, inda ake ciniki dare da rana. Can a ƙasashensu haukan ya wuce namu: a watan Disamba 2015 an yi gwanjon faifan Beatles na Ringo Starr, mai lamba ɗaya, a kan dalar Amurka 790,000. A kuɗinmu ya haura sefa miliyan 450. Mafi ƙanƙancin albashi a Togo tun Janairu 2023 sefa 52,500 ne a wata. Ku yi lissafi. Lebura zai yi fiye da shekara 700 yana aiki, bai ci ba, bai sha ba, kafin ya tara kuɗin faifai guda. Wannan iskar ce ta kaɗo har ta shigo falon 'yan'uwanmu.

Kada wani ya ce katikis yana ƙin kiɗa. Sam! Dawuda ya kaɗa wa Saul garaya har hankalinsa ya kwanta. Littafin Zabura duk waƙa ne. A cocinmu da ganga da kuge muke yabon Allah. Ban kuwa ce zunubi ne mutum ya adana faifan ubansa yana sawa yana tunawa da shi ba. Ƙarata a kan zuba dukiya ce a kan abin da ba za a ci ba, ba za a sa ba, ba ma za a saurara ba.

Masu wannan al'ada suna da hujjoji, ya kuwa kamata mu ji su ɗaya-ɗaya.

Hujja ta fari: "Kuɗina ne, da gumina na samu." Gaskiya ne ka yi gumi. Amma wa ya ba ka numfashin da ka yi aikin da shi? Mai bi wakili ne a kan abin da ke hannunsa, ranar lissafi kuwa tana zuwa. Ka tuna da mai arzikin nan na Luka sura 12, wanda gonarsa ta yi albarka ya rushe rumbunansa ya gina manya, a daren nan kuwa aka karɓi ransa. Shi ma dai hatsi ya tara, abin da za a iya rabawa a ci. Kai robar da aka narka daga man fetur ka tara. Maƙwabtanmu Musulmi a Zango suna kiran irin wannan almubazzaranci, malamansu suna wa'azi a kai. Kada ya zama su suna hani, mu da muke cewa mu gishirin duniya ne muna yi.

Hujja ta biyu: "Ina girmama mawaƙanmu ne, ina adana tarihi." Wannan ta fi ta fari nauyi, don haka bari mu tsaya a kanta. In aka sayar da tsohon faifai daga hannu zuwa hannu, ko dala ɗaya ba ta zuwa wurin mawaƙin ko marayunsa. Dillali ne ke ci, sai wanda ya sayar. Kana iya biyan rabin miliyan a kan muryar mutum, shi kuwa yana kwance a ɗakin haya ba kuɗin magani. Wace irin girmamawa ce wannan? Wasiƙar Yakubu sura 5 ta yi kashedi mai zafi a kan hakkin ma'aikatan da aka danne. Zan yi adalci: akwai kamfanonin da suka nemi makaɗan, suka yi yarjejeniya da su, suka sake buga waƙoƙinsu. Ta irin wannan hanya sunan Poly-Rythmo ya sake tashi, har tsofaffin nan suka haɗu suka zaga Turai suna wasa daga 2009. Wannan aiki ne mai kyau. Amma ka lura, sabon bugun nan da mawaƙi ke samun rabo a ciki shi ne mai araha, shi ne kuma mai tarawa ke rainawa. Na asali yake so, don a ce shi kaɗai ke da shi. Tarihin da aka kulle a kabad ɗin mutum ɗaya, wa ya amfana? In da gaske tarihi kake so, ka bari a kwafe waƙar, a kai gidan rediyo, yara su ji abin da kakanninsu suka rera.

Hujja ta uku: "Jari ne, gobe zai ninka." Ya ɗan'uwa, a Lome kake zaune, tsakanin teku da tafki. Zafi yana lanƙwasa faifai, laima tana sa masa fumfuna, gara tana cinye kwalinsa, ruwan damina yana shigowa ɗakunanmu ba sallama. Mun ga abin da ya sami tsohon Zango a 1977, sa'ad da aka rushe shi aka kwashe mutane zuwa arewacin gari wajen Agoe. Mun ga Babbar Kasuwar Lome ta ƙone a watan Janairu 2013, matan da suka yi shekaru suna tara atamfa suka wayi gari da toka. Wannan dukiya ce ta gaske, mai amfani, ga yadda ta tafi. Balle wadda darajarta ke rataye a kan sha'awar wasu mutane a Jamus da Ingila da Japan. Ranar da sha'awarsu ta koma wani wuri, me ya rage a hannunka? Ubangiji ya riga ya faɗa mana a Matiyu sura 6 irin wurin da ya kamata mu yi ajiya, ya kuma nuna cewa zuciya tana bin dukiya duk inda aka kai ta. Mutumin da ke tashi da tsakar dare ya duba farashi a waya, amma addu'ar asuba ta gagare shi, ya tambayi kansa wa yake bauta wa.

Akwai hujja ta huɗu, wadda masu sanin Littafi ke kawowa. Sukan ce, "Ai Yahuza ne ya yi gunaguni da Maryamu ta zuba turare mai tsada a ƙafafun Yesu." Haka ne, yana cikin Yahaya sura 12, kuɗin turaren ya kai dinari 300, kusan ladan lebura na shekara. Amma ku duba da kyau. Maryamu buɗe kwalbar ta yi, ta zubar, ƙanshi ya cika gida, kowa ya shaƙa, ba abin da ya rage mata. Ga Ubangiji ta bayar. Mai tara faifai kuwa rufewa yake yi, ya kulle, ya sa mabuɗi a aljihu. Kada ka ɓuya a bayan Maryamu alhali ba ka taɓa buɗe kwalbarka ba.

Ga wani abin tunani. William Onyeabor na Enugu a Nijeriya ya buga faya-fayansa da kansa daga 1977 zuwa 1985, sa'an nan ya ba da ransa ga Almasihu ya bar waƙa. Masu tarawa suka yi ta farautar faya-fayansa da tsada. A 2013 kamfanin Luaka Bop na Amurka ya sake fitar da waƙoƙinsa, duniya ta ɗauka, amma shi ya ƙi hawa dandali, in an matsa masa da tambaya sai ya karkata zancen zuwa ga Allah, har ya rasu a Janairu 2017. Ban ce kowane mawaƙi ya yi kamarsa ba. Abin da nake nunawa shi ne, wanda ya yi waƙar da bakinsa ya iya sakinta. Kai da ba ka rera ba, ba ka kaɗa ba, me ya ɗaure ka?

To, me za mu yi?

Ku iyayenmu masu tsofaffin akwatuna, kada ku yi irin cinikin Isuwa, wanda ya ba da gādonsa saboda kwanon fate. In baƙo ya zo neman faifai, kada ku sallama a ranar. Ku kira ɗa ko jika ya bincika farashi tukuna. In za ku sayar, ku sayar da sani.

Ku samari 'yan kamasho, dillanci ba haram ba ne, amma ƙarya ga gwauruwa zalunci ne, Allah kuwa shi ne mai tsaya wa gwauraye da marayu. Wanda ya riga ya yi, ya bi sawun Zakka mai karɓar haraji: ya koma ya mayar. Saurayin da ya ɗauki akwatin nan a Nyekonakpoe, in wannan takarda ta kai hannunka, tsohuwar tana nan da rai, ƙofarta kuwa ba ta sāke wuri ba.

Ku kuma masu kabad, ban ce ku fasa ko ku ƙone ba. Ku fara da biyan duk wanda kuke riƙe da hakkinsa. Ku zaɓi kaɗan da kuke so da gaske, ku ɗora musu allura, ku kira iyali ku saurara tare. Sauran ku sayar, ku nemi iyalin mawaƙin ku ba su rabo, abin da ya rage ku biya wa yaro kuɗin makaranta, ko ku sayi magani ga mara lafiya a unguwa. Kafin ka sake miƙa hannu ka biya wani faifai, ka leƙa tukunyar maƙwabcinka ka ga ko akwai abin da za a rufe a ciki.

Allah ya ba mu kunnen ji, ya raba zukatanmu da son abin da ba ya dawwama. Amin.