Rufewa Daban, Kashewa Daban: Manazarcin Hausa da Rumbun Bayanansa

A lokacin da nake tattara bayanan binciken digirina na biyu a Kanya, cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta masarautar Zuru, na tara kalmomi da jumloli na irin Hausar da masu harshen C'Lela suke yi a kasuwa da gida. Wani abokina ya tsara mini rumbun bayanai a manhajar PostgreSQL, kowace kalma tana haɗe da ma'anarta da jumlar da ta fito a ciki. Kullum da daddare nakan kwafe jakar rumbun zuwa filashi, alhali rumbun yana aiki. Ranar da kwamfutar ta lalace, na ɗauko kwafin na tarar ya ƙi buɗuwa yadda ya kamata. Aikin makonni ya salwanta, kuma laifin nawa ne, domin ban san cewa sai an rufe rumbu ake kwafe jakarsa ba.

Ra'ayina shi ne, duk manazarcin da ya ajiye kalmomi ko karin magana ko waƙoƙin baka a irin wannan rumbu, wajibi ne ya iya tayar da shi da rufe shi da hannunsa ta layin umarni, wato baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye.

Tun da Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar da tsarin rumbun bayanai mai alaƙa a 1970, ana jera bayanai ne a jadawalai masu nuni ga juna. Manhajar tana riƙe sabbin canje-canje a ƙwaƙwalwar wucin-gadi, tana rubuta su a wani kundi na musamman, sannan daga baya ta zuba su a ainihin jadawalan da ke faifai. Wanda ya kwafe jakar ana cikin wannan hidima, zai iya samun wani sashe sabo wani sashe tsoho.

A PostgreSQL, umarnin pg_ctl start ne ke tayar da rumbu, pg_ctl stop kuma ya rufe shi, kuma rufewar iri uku ce. Ta farko, smart, tana jiran kowa ya fita. Ta biyu, fast, tana sallamar masu aiki, ta soke abin da ba su kammala ba, ta adana sauran. Ta uku, immediate, yankewa ce nan take, sai an sake tayarwa manhajar ta bi kundin nan ta gyara abin da aka bari. A Oracle ma tayarwa mataki uku ce, rufewa kuwa iri huɗu, daga NORMAL har zuwa ABORT.

A nan ne batun ya shigo fagenmu. Bahaushe yakan ce “kashe kwamfuta” kamar yadda yake cewa “kashe fitila”, kuma kalma ɗayan nan ta haɗiye bambancin da na yi asara a kansa. Alhali Hausa tana da shi. Mai shago yakan jira masu ciniki su watse ya rufe, ko ya sallame su ya ƙirga kuɗinsa ya rufe, ko kuwa gobara ta sa ya fice ya bar komai a warwatse. Ina ba da shawarar mu kira su rufewar jira, rufewar sallama da yankewa, mu bar “kashewa” ga na'urar kanta.

Wani zai ce wannan aikin masana kwamfuta ne, kuma umarnin da Ingilishi yake. Gaskiya ne ba za a fassara umarnin ba, domin suna ne da manhaja ta sani. Bayaninsa kuwa namu ne, kamar yadda magabata suka samar da kalmomin nahawu da adabi a littafin Hausa Metalanguage na 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Sannan mai bincike a Kanya ba shi da injiniya a gefensa lokacin da batir ya kusa ƙarewa ko man janareta ya yi ƙasa. Mintunan da suka rage masa sun isa ya rubuta umarni ɗaya, idan ya san shi.

Ƙamusun Bargery na 1934 ya iso gare mu ne saboda takarda tana jure ɗaukewar wuta. Abin da muke tarawa yau ba shi da wannan gata. Saboda haka ina kira ga sassan Hausa na jami'o'inmu su saka darasi ko da na awa biyu ne cikin kwas ɗin dabarun bincike, inda ɗalibi zai tayar da rumbu, ya rufe shi, ya kwafe, sannan ya gwada ko kwafin yana buɗuwa kafin ya fita fagen tattara bayanai.