Lafiya Uwar Jiki: Lanƙwashewar Gaba Ga Mai Ciwon Sukari Da Hawan Jini

A wannan wata za mu taɓo magana mai nauyi a baki, muna kuma neman afuwar dattawa, domin babu kunya a wajen neman sani. Akwai wata cuta da take samun maza, galibi waɗanda suka haura shekara 40, inda gaban mutum yake lanƙwashewa idan ya miƙe, ko sama ko gefe, wani lokaci har da zafi. A zangunanmu na Kumasi da Nima da Tamale ba a rasa magidancin da yake fama da ita, amma sai ya shekara biyu bai gaya wa likita ba, alhali kuwa duk wata yana gabansa wajen karɓar maganin sukari ko na hawan jini.

Likitoci suna kiranta cutar Peyronie, watau sunan likitan fiɗa na Sarkin Faransa Luwi na 15, wanda ya yi bayaninta a shekarar 1743. A cikin gaban namiji akwai wani tantani mai ƙarfi da ya lulluɓe sassan da suke cika da jini. Yakan sami ɗan rauni a lokacin saduwa, sau da yawa mutum bai ma ji ba. Ga wasu sai ya warke sumul, ga wasu kuwa sai ya bar tabo mai tauri wanda ake iya ji da yatsa. Shi tabo ba ya miƙewa, saboda haka sai ya riƙe gefe guda, kamar wandon da tela ya tamke ƙafa ɗaya.

To, iyakar abin ke nan, tabo ne. Ba ciwon daji ba ne, ba ciwon sanyi ba ne, ba a kuma shafa wa iyali. Mun nanata wannan ne domin mun san halinmu. Da zarar irin wannan ta sami mai mata biyu, sai a fara raɗa cewa uwargida ce ta yi masa sammu saboda amarya, ko amarya ce ta zo da ita. Ta haka akan raba aure a kan abin da matar ba ta ji ba, ba ta gani ba.

Likitoci sun daɗe da lura cewa cutar ta fi yawa ga masu sukari. Dalili a fili yake. Sukari yana lalata ƙananan hanyoyin jini, yana kuma jinkirta warkewar rauni. Sa'an nan mai sukari ko hawan jini gabansa ba ya cika miƙewa sosai, abin da bai yi ƙarfi ba kuwa shi ya fi saurin tanƙwarewa ya ji ciwo. Shan taba yana ƙara ta'azzara al'amarin. Ana kuma ganinta ga wanda aka yi wa fiɗar mafitsara, da wanda yatsunsa suke naɗewa zuwa tafin hannu saboda irin wannan tabo.

Abin da ya fi damunmu shi ne matakin da mutane suke ɗauka a ɓoye. Wani sai ya ce ƙwayar hawan jini ce ta kashe masa ƙarfi, ya daina sha ba da sanin kowa ba. Gaskiya ne wasu magungunan hawan jini suna rage kuzari, amma likita yana iya musanya su da wasu. Wanda ya ajiye maganinsa kuwa, gaban bai miƙe ba, ga shanyewar ɓarin jiki tana jiransa. Wani kuma sai ya nufi tasha wajen masu tallar maganin ƙarfin maza, ko ya sayi kwalbar bitas. An sha gano ƙwayar sildenafil, wadda aka fi sani da Viagra, a cikin irin waɗannan haɗe-haɗe ba tare da an rubuta ba. Idan ta haɗu da maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sa wa a ƙarƙashin harshe, jini yana iya faɗuwa farat ɗaya har a rasa rai. Ko diclofenac da ibuprofen da ake saye don zafin, mai ciwon ƙoda ko gyambon ciki ko hawan jini kada ya dinga sha sai da iznin likita. Murzawa da ƙarfi don a daidaita shi kuwa sabon rauni take jawowa.

Cutar tana da zango biyu. A na farko, wanda yakan ɗauki wata 6 zuwa 18, akwai zafi, lanƙwasar kuma tana canzawa. Daga nan sai ta tsaya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006, kan maza 246 da ba a yi musu magani ba, ya nuna cewa kashi 12 cikin 100 ne kawai suka sami sauƙin lanƙwasar, kashi 40 ta tsaya yadda take, kashi 48 ta ƙaru. Amma zafin ya tafi ga kusan kashi 9 cikin 10. Ke nan zafi zai wuce, lanƙwasa ce ba kasafai take tafiya da kanta ba.

Ba kowa ne yake bukatar fiɗa ba. Wanda lanƙwasarsa kaɗan ce, ba ta hana shi iyali, likita yakan ce a bar ta a sa ido. Akwai allurar da take narkar da tabon, Xiaflex, wadda Amurka ta amince da ita a 2013, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin talaka. Fiɗa ita ce ta fi tabbas ga wanda abin ya hana shi saduwa, amma ba a yin ta sai cutar ta tsaya cik na wasu watanni, kuma wata irinta takan ɗan rage tsawo. A nan ne mai sukari zai gane amfanin kula da kansa, domin likitan kirki ba zai sa masa wuƙa ba sukarinsa yana sama, gudun kada wurin ya ruɓe.

Likitocin mafitsara ne masu wannan aiki, ana kuma samunsu a Korle Bu a Ankara, da Komfo Anokye a Kumasi, da babban asibitin koyarwa na Tamale. Amma a fara da likitan da ake gani kullum, shi zai rubuta takardar turawa. A tafi da dukkan magungunan da ake sha, har da na gargajiya, a kwalabensu. Wanda bakinsa ya yi nauyi ya rubuta a takarda ya miƙa, ko ya nemi a haɗa shi da likita namiji. In da hali kuma, uwargida ta ji bayanin da kunnenta.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.