Kafin Ki Tura Kuɗi Zuwa Wancan Asusun



A daminar bara ina aikin dare a ɗakin yara, aka kwantar da yara biyu gado kusa da gado. Ta farko yarinya ce da ruwan zafi ya ƙona a ƙirji da hannu. Ƙanin mahaifinta ya ɗauki bidiyonta tana kuka, ya ɗora a Facebook da lambar asusu. Kafin kwana uku kuɗi sun taru har sun zarce na magani, mutane na ta zuwa da madara da sabulu da kayan sawa. Ta warke, kuma wallahi na yi murna.

A gadon gefenta akwai yaro ɗan wata goma sha takwas. Tamowa ta cinye shi, jininsa ya yi ƙasa, sai an yi masa ƙari. Uwarsa daga ƙauye ta zo, wayarta ƙarama ce mai tocila, ba ta san wani abu Facebook ba. Yaron ko kuka ba ya yi, domin mai tamowa mai tsanani ƙarfin kukan ma ba shi da shi. Masu zuwa dubiya sukan wuce gadonsa ba su ko waiwaya ba. Mu ma'aikata muka harhaɗa kuɗin gwaji. Sauran kuwa daga wani ɗan asusu aka biya, wanda wasu matan unguwa ke zuba wa kuɗi duk wata a sashen jin ƙai na asibitin. Ba su taɓa ganin yaron ba.

Tun daga daren nan na sauya yadda nake bayarwa. Ban ce ki daina taimaka wa masu neman agaji a waya ba, da yawansu gaskiya suke faɗa. Amma ni da idona na ga hoton jariri ɗaya yana yawo a WhatsApp da lambobin asusu uku mabambanta. Kuma ko na gaskiyar ne, wanda ya samu mai ɗaukar masa bidiyo shi ke samu, na gefensa ya tashi a tutar babu.

Mu mata mun fi kowa sanin harkar adashe. Ba kya zuba kuɗinki sai kin san uwar adashen, kin san gidanta, kin ji labarin yadda ta sallami na baya. To me ya sa kuɗin da muke fatan tararwa a lahira, wanda kuma zai gyara unguwar da 'ya'yanmu za su girma a ciki, shi muke turawa da ka? Shawarata ita ce ki zaɓi matsala ɗaya ko biyu da suka tsaya miki a rai, ki nemi masu aiki a kansu tsakani da Allah, ki riƙe su shekara da shekaru. Naira dubu biyu da ke shigowa duk wata ta fi wa ƙaramar ƙungiya amfani a kan dubu ashirin da ta faɗo sau ɗaya cikin azumi, saboda da ta farkon za su iya yin lissafi, su yi wa mara lafiya alkawari.

Wace matsala? Abin da nake gani a wurin aiki shi zan faɗa. Ga tamowa, wadda ake ganowa da ɗan tef a damtsen yaro: idan awon ya gaza santimita 11.5, ya shiga ja, yana cikin haɗari. Ga cutar noma mai cin fuskar yara, wadda ke farawa da ciwon dasashi a jikin yaro mai yunwa. Idan an kama ta da wuri, magani da abinci mai gina jiki kan tsayar da ita, idan an makara sai tiyata a kan tiyata. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, kuma sai a ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ga yoyon fitsari, da ake aikinsa a cibiyar Babbar Ruga a Katsina da cibiyar Laure a Kano. Sau da yawa ba aikin ne ke gagarar mace ba. Kuɗin motar zuwa ne, da abincin mai jinya, da abin da za ta kama idan ta koma gida ta tarar miji ya juya mata baya. Ƙungiyar da ke cike waɗannan ƙananan gurabe ba ta cika yin suna ba, amma ita nake nema.

In kin samu wadda ta kwanta miki, fara duba sunan da ke kan asusun. Idan ƙungiya ce amma kuɗi na shiga asusun mutum ɗaya, ki tambayi dalili. Ki nemi shaidar rajistarsu da hukumar CAC, ko da yake takarda kaɗai ba ta sa mutum ya zama mai amana, kuma akwai ƙungiyoyin masallaci da na unguwa marasa rajista da suka fi wasu masu ofis gaskiya. Abin da ya fi duka shi ne ki taka da ƙafarki. Ki ce, "Kuɗin bara ina suka tafi?" Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, littafi zai ɗauko miki. Wanda ya ce miki ai sadaka ba a bin diddiginta, ki gaishe shi ki kama hanya.

Kada kuma ki tsorata don kin ga suna sayen man mota ko biyan ma'aikaci. Magani ba ya kai kansa ƙauye. Abin da ke sa ni ja da baya daban ne: ƙungiyar da ba ta miƙa wa maraya mudun shinkafa sai ta tsayar da shi a rana, an ɗauki hoton fuskarsa an watsa. Yaron nan zai girma, hoton yana nan.

Sai maganar rijiya, wadda ta daɗe tana damuna. Dukkanmu mun san labarin Sayyidina Usman da rijiyar Ruma da ya saya ya bar wa mutanen Madina, kowa na son irin wannan lada. Amma ki zaga unguwarku ki ƙirga rijiyoyin burtsatse nawa ne suka mutu, allon sunan mai bayarwa na tsaye, famfo ya bushe, yara sun koma ɗiban ruwan kududdufi, daga nan sai gudawa ta kawo mana su asibiti. Haƙa sabuwa na da farin jini, gyaran tsohuwa ba mai so, alhali kuɗinsa bai kai ba. In ƙungiya ta ce za ta haƙa rijiya, tambaye ta wa zai gyara idan ta lalace, da kuɗin wa.

Zakka kuwa hukuncinta daban, tana da mutanenta kashi takwas da aka ambata a Suratut Tauba, ba kowane aikin alheri ake zuba ta ba. Ki tambayi malami, kuma jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka. Sannan kafin ki leƙa waje, leƙa dangi. Akwai gwaggon da ke shan maganin hawan jini yau ta sha gobe babu, kunya ta hana ta faɗa.

Yaron nan mai tamowa an sallame shi bayan mako uku. Da uwarsa ta dawo da shi awo, ta zo da ƙwan zabi a ƙwarya, ta ce in kai ta wurin waɗanda suka biya kuɗin jinin ta yi musu godiya. Na je sashen jin ƙai na tambaya, suka ce matan sun roƙa kada a faɗi sunansu. Muka dafa ƙwan, muka raba wa yaran ɗakin.