Kayan Sojan Bama: A Tara Su Tun Ba Su Ƙare Ba

A Ingila akwai mutanen da ba su da abin sha'awa kamar tara tsofaffin kayan da sojan ƙasa ya rataya a jikinsa zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗamara suke saye, da jakar harsashi, da jakar goyo, da gorar ruwa, da kwanon cin abinci. Suna da kasuwanninsu da littattafansu. In aka miƙa wa gwaninsu jaka ɗaya, sai ya duba hatimin da ke cikinta, ya faɗi kamfanin da ya ɗinka ta da shekarar, ya kuma faɗi ko aikin Ingila ce, ko Kanada, ko Indiya.

Abin da ya fi yawa a hannunsu shi ne samfurin 1937. Da zaren auduga mai kauri aka saƙa shi, maɗauransa na tagulla. Akwai ɗamara, da igiyoyi biyu masu haye kafaɗa, da jaka biyu a gaba, kowace tana cin gidan harsashi biyu na bindigar Bren. A dajin Bama kayan nan sun ba soja wuya, gama audugar takan sha ruwa ta yi nauyi, ta goge fata, ta ruɓe. Shi ya sa aka fito da samfurin 1944, kore, mara nauyi, da gorar alminiyam, amma kafin ya wadata yaƙi ya ƙare.

To, ina ruwan Nijeriya da wannan? Ruwanta da tsaki. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, dubban 'yan ƙasar nan suka haye teku a cikinsu don yaƙar Japanawa, kuma Hausa ce harshen da aka fi ji a bataliyoyin Nijeriya. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 sun shiga cikin sojan Chindit na Janar Wingate a 1944. A watan Janairu na 1945 sojan Afirka ta Yamma suka kama garin Myohaung. Kayan da Turawa ke ciniki a yau, irinsu ne mazajen nan suka goya.

Amma akwai abin da ba ya shiga kabad ɗin mai tara kaya. A kwarin Kaladan, inda Runduna ta 81 ta yi yaƙi a 1944, babu hanyar mota ta kirki. Jirgin sama ke jefo abinci da harsashi, sannan sojoji 'yan dako su ɗauka a ka, su hau tsauni su gangara, su ƙetare rafi, yawancinsu ba su da makami sai adda. Babban abin ɗaukar kayan rundunar nan kan mutum ne da gammo. Gammo ba shi da hatimin kamfani, saboda haka ba shi da farashi a kasuwar Ingila, kuma ba wanda zai adana labarinsa in ba mutanen ƙasar nan ba.

Wani abin kuma, a waccan kasuwa sau da yawa jakar da ba a taɓa ba soja ba ita ce mai tsada, don tana nan fes kamar jiya aka ɗinka ta. Ga tarihi kuwa, wadda ta koɗe ta fi daraja, musamman in mai ita ya rubuta lambarsa ta soja a ciki, kamar yadda aka saba. Da lambar ake gano mutum, da bataliyarsa, da garinsu.

Wasu za su ce ai yaƙin Turawa ne, kayan ma nasu ne. Sai a tambaye su daga ina Barikin Dodan da na Myohaung da na Arakan a Legas suka samo suna, da Letmauk a Ibadan, da Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya. Runduna ta 81 a Legas da ta 82 a Inugu ma sunayen can suka gada. Ƙasar da ta riƙe sunayen ba ta da hujjar barin kayan ga gara da 'yan gwangwan.

Gidan kayan yaƙi na Umuahia, wanda aka kafa a 1985, ya tara jiragen sama da na ruwa da motocin sulke na yaƙin basasa, madalla da haka. Sai dai manyan ƙarafa sukan jure rana da ruwa, auduga kuwa ba ta jira. Ya kamata Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya su bi jiha jiha, su yi shela, su karɓi abin da ya rage a akwatunan gidaje, ko aro ko saye, a rubuta sunan mai kaya da lambarsa da abin da iyalinsa suka ji daga bakinsa. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1945 yanzu yana bakin ɗari, don haka 'ya'ya da jikoki za a fi samu a ƙofar gida, kuma da yawansu ba su san cewa tsohuwar jakar da ake zuba ƙusoshi a cikinta ta je Bama ta dawo ba.