Gurɓin alif da ƙwarin ruwan Shuɗin Nilu

Daga Yuli zuwa Satumba Shuɗin Nilu yakan sauko daga tsaunukan Habasha jajir da laka. Mai ɗiban ruwa a Suki ko Mai Wurno dole ya kwantar da lakar kafin ya sha, kuma alif, wanda Larabawa ke kira shabb, Hausawan Nijeriya da yawa kuma alam, yana yin wannan aiki da sauri. Ba na zargin mai sa shi a randa. Damuwata ita ce inda ake zubar da gurɓin da ya kwanta a ƙasa.

Alif gishirin alminiyam ne. Idan ruwa ya yi tsami, wato ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 6, alminiyam yakan narke ya hana ƙananan halittu irin su Daphnia riƙe gishirin jikinsu, su mutu. Su ne abincin 'ya'yan kifi. Ruwan kogin kansa ba mai tsami ba ne, kuma yawansa kariya ce. Amma alif da kansa yana tsamama ruwa, ƙaramin kududdufi ko reshen magudanar gona kuwa ba shi da wannan kariya. A Camelford ta Ingila, a 1988, tan 20 na wannan sinadari ya shiga ruwan sha, wanke bututun zuwa rafuka kuma ya kashe dubban kifi.

A ganina a binne gurɓin nesa da ruwa. Inda akwai zogale kuwa, dakakken ƙwayarsa ya wadatar. Samia Jahn ta nazarci yadda matan ƙauyukan Sudan ke tace ruwan Nilu da shi tun kafin a kai shi ɗakin gwaji.